Jirgi mai farfela huɗu: laifin inji ne ko na mai haɗawa?

Ba wuya a Yelwa, ko a ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski da Shanga, a hango 'yar fitila tana shawagi a sama bayan magariba, kafin a yi isha'i saƙon murya ya zaga WhatsApp cewa 'yan bindiga ne ke leƙen asirin gari. Ba a ga laifin jama'a ba. Wanda ya san abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, ya kuma ji labarin Tudun Biri a Disambar 2023, inda jirgin soja mara matuƙi ya hallaka masu Mauludi, dole gabansa ya faɗi. Sai dai mai neman ɓuya ba ya ƙara wa jirginsa fitila. Wanda ya ɗauki dalma ya liƙa ja da kore a hannuwan jirgi so yake a gan shi, shi ma ya riƙa ganin abinsa, kuma da wuya in ba matashi ne mai gyaran wayar hannu ko ɗalibi da ya tara kuɗi ya yi odar kaya ba.

Tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta hana tayar da jirgi mara matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Dokar na nan, kuma dalilinta a fili yake. Amma da kamfanoni a zuci aka tsara sharuɗɗanta, babu wanda ya zo ya yi wa yaron Yelwa bayanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Haka aka yi da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a Kano a 2007: jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta yabo, horon da irinsa ke buƙata bai zama tsari ba. Shi ya sa har yau matasa da bidiyon YouTube suke koyo, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Wurin kuwa shi ne tashin farko. An gama haɗi, an ɗora jirgi a fili, an ɗan ƙara wuta, sai ya ɗaga gefe ɗaya ya kife a bayansa, farfela ta karye. Nan take sai hukunci ya fito: "Wallahi jabu aka sayar min, inji ɗaya ba ya ja." Sai a sake tura kuɗi Kano ko Legas, a jira makonni, sabon inji ya iso, a ɗaura, jirgi ya sake kifewa ta gefen da ya kife jiya. Wannan zargi na jabu ya ci kuɗin mutane fiye da jabun kansa.

Ga yadda abin yake. A tsakiyar jirgin akwai ƙaramin allo, ƙwaƙwalwarsa ke nan, da ke auna karkacewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya yana ba kowane inji umarni. Ba ganin injunan yake yi ba, da lamba ya san su. A manhajar Betaflight, wadda yawancin masu haɗawa ke amfani da ita, na 1 shi ne na baya ta dama, na 2 na gaba ta dama, na 3 na baya ta hagu, na 4 na gaba ta hagu. Duk wanda ya kalli tseren kwale-kwale a bikin Rigata zai gane sauran. A ce mai kama akala ya ga jirgi na karkata, ya kira sunan matuƙin da ya sani yana zaune ta wani gefe ya ce ya ƙara ja, ashe mutumin ya sauya wuri ya koma ɗaya gefen. Jirgi ya ƙara karkata, mai akala ya ƙara ɗaga murya da sunan, mutumin ya ƙara ƙarfi. Babu rago a cikinsu, kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, amma kwale-kwalen sai ya juya. Haka ƙwaƙwalwar jirgi ke yi idan wayar inji na 1 ta tafi gurbin na 2: tana ƙoƙarin gyara, tana ƙara ɓatawa, cikin ƙiftawar ido.

Bayan lamba sai juyawa. Injuna biyu da ke kusurwa da kusurwa suna bin hannun agogo, ɗaya biyun suna saɓa masa, don ƙarfin murɗawarsu ya soke juna. Farfela ma iri biyu ce, ta dama da ta hagu, kuma idan aka ɗaura ta a inda ba nata ba, maimakon ta tura iska ƙasa sai ta danne jirgin. Gyaran juyawa bai kai a kashe ko kwabo ba. Injin yana da waya uku, a musanya kowaɗanne biyu a jikin ƙaramin allon da ke sarrafa gudunsa, wanda ake kira ESC, sai ya koma ɗaya hannun. Duk wannan gwaji kuwa a cire farfela tukuna. Farfelar roba mai inci 5 tana tsaga yatsa har ƙashi, kuma yaran da ke taruwa kallo fuskarsu daidai tsayin teburin take.

Akwai lokacin da injin ne da kansa ke rawar ɗari, yana ƙugi ba ya juyawa sosai. Nan ma kada a yi gaggawa. Galibi ɗaya daga cikin wayoyin uku ce ba ta kama dalma ba. Garin da ke bakin tafkin Kainji, wanda madatsarsa ke ba ƙasa wuta tun 1968, shi ne kuma inda mai gyara ke liƙi da wutar ƙaramin janareta ko ƙarfen da aka ɗora a garwashi, zafi bai kai ba. Liƙi mai kyau sumul yake yana ƙyalli. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka, a ja shi da ɗan ƙarfi za a ga ya saki. Sai kuma noti: idan wanda aka ɗaure inji da shi ya yi tsawo da ɗan kaɗan, zai huda ya taɓa naɗin tagulla, injin ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba. Mitar auna wuta tana tona wannan, domin bai kamata kowace waya ta yi ƙara da jikin ƙarfen injin ba. In shakka ta rage, a ɗauke injin a kai shi wani ESC. Matsala ta bi shi, nasa ne. Ta tsaya a wurin, na allon ne.

Yashin bakin ruwa ma yana da nasa rabon. Cikin injin maganaɗisu ne, yana zuƙe baƙin garin ƙarfe da ke cikin yashi, sai a ji ƙaras-ƙaras idan an juya da hannu. A tashi daga kan tabarma ko kwali, a sauka a kai.

Fitila kuwa ta fi kama da abin wasa, alhali ita ke kashe jirage da yawa. Batirin jirgi mai ɗaki uku yana ba da bolt 11.1, mai ɗaki huɗu 14.8, har 16.8 idan ya cika. Fitilun da 'yan kabu-kabu ke ƙawata babur da su na bolt 12 ne, za su zauna da mai ɗaki uku. Ƙananan masu sauya launi, irin WS2812, bolt 5 suke so, a ba su wutar batir kai tsaye su mutu nan take. Mai wayo sai ya ɗebo musu wuta daga gurbin bolt 5 na ƙwaƙwalwar jirgin, kuma a nan tarkon yake. Kowace ɗaya tana iya jan miliyam 60 idan ta haska fari, guda 16 sun kusa amfiya guda, daga rijiyar da ƙwaƙwalwar da na'urar karɓar saƙon rimot ke sha. A kan tebur komai lafiya. A sama, da an taka wuta batir ya ɗan sauka, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauke ta sake kunnuwa, jirgi ya faɗo, a sake cewa inji ne. Maganin shi ne a ba fitilu nasu ƙaramin mai rage wuta daban, a haɗe baƙar wayarsu da ta jirgin, in ba haka ba su yi ta ƙifce-ƙifce ba sa jin umarni.

Launi ma ba ado ba ne. Da jirgi ya yi nisan mita 50 ido ba ya bambance gabansa da bayansa, kuma idan ya fuskanto mai rimot dama ta koma hagu. Ja a hagu, kore a dama ita ce ƙa'idar jiragen ruwa da na sama. Wasu kuma fari a gaba, ja a baya. Ko wanne aka zaɓa a tsaya a kai. Jirgin da ake iya bi da ido yana da amfani a wannan yanki: duba gonar shinkafa da albasa bayan ambaliya, ko neman mutane a ruwa irin ranar haɗarin Wara a Mayun 2021, da ya ci rayuka masu yawa. Abin takaici ne a ce masu basirar yin haka suna gwaji a ɓoye don tsoron a kama su. Kafin hukuma ta buɗe musu hanya mai sauƙi, mafi ƙarancin abin yi shi ne a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda, a yi gwaji da rana, nesa da gidaje da makarantu da wuraren jami'an tsaro.

Kafin a jona batir karon farko, a sa mita tsakanin jar waya da baƙa a tabbatar ba su haɗe ba, sannan a ratsa ƙwan fitilar mota a kan jar wayar. Ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya a haka, akwai inda wuta ta haɗe, a cire a bi liƙi ɗaya bayan ɗaya. Batirin da ya kumbura kuma, ko wanda aka bari a rana cikin zafin Afrilu har ya yi taushi, a ajiye shi cikin tukunyar ƙasa a waje, kada a sake masa caji a ɗakin da ake kwana.