Baƙin Ciki Da Teɓa: Abin Da Hausa Ta Riga Likita Faɗa

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina mamakin abin da ya sa Bahaushe ya ajiye jin daɗi da ɓacin rai a tumbinsa. Mukan ce farin ciki, mu ce baƙin ciki. Ban ba abin muhimmanci ba sai da ciwon sukari ya kama yayana da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, mutum mai teɓa da hawan jini, ga shi da raha. Cikin 'yan watanni ya daina fita majalisa, barci ya ƙaurace masa. A gida wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Sai da wani likita ya tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki aka gano yana fama da ciwon damuwa.

A shekarar 1988, wadda a cikinta aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke yankin Tarauni, wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya bayyana cewa hauhawar sukari da hawan jini da yawan kitse a jini 'yan gida ɗaya ne, tushensu shi ne jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin. A 2005 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sa faɗin ƙugu a sahun gaba: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace.

To, ina alaƙar wannan da zuciya? Idan damuwa ta daɗe, jiki kan yawaita fitar da sinadarin kotisol, wanda ke ɗaga sukari, ya tara kitse a ciki. Shi kuma kitsen ciki yakan saki sinadaran kumburi cikin jini, su taɓa aikin ƙwaƙwalwa, su kashe wa mutum karsashi. Ke nan kowanne na rura wutar ɗan'uwansa. Wani nazari na 2001 ya nuna mai ciwon sukari ya ninka waninsa yiwuwar kamuwa da damuwa, wani na 2008 kuma ya nuna damuwa na ƙara haɗarin ciwon sukari da kashi 60 cikin 100.

Illar a bayyane take. Wanda ransa ya mutu ba ya kula da shan magani, ba ya kiyaye abinci, balle ya taka daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Kasuwar Tarauni don motsa jiki.

Saboda haka, mai karatu, ranar da ka raka mahaifi ko mata awon sukari, ka gaya wa likita batun rashin barci da yawan shiru, kada kunya ta hana ka. Su ma likitocinmu, idan sun gama duba takardar gwaji, ya kamata su tambayi majiyyaci yadda ransa yake. Yayana dai ya koma majalisa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.