Ko Ka San Motar da Ta Zama Ma'aunin Rufin Asiri a Kaduna?

A shekarun 1970 da 1980, duk wanda ya je sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki zai tarar da mota iri ɗaya jere a bakin titi: Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. Masu ita galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan gwamnati da na banki, mutanen da ake ce wa masu rufin asiri. Ba su kai attajirai ba, amma albashinsu na ciyar da gida, ya biya kuɗin makaranta, har a samu na mota.

A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. A shekarar ne kuma ƙarin albashin da gwamnati ta yi, wanda ake kira na Udoji, ya shiga aljihun ma'aikata, ga gwamnati na ba da rancen mota ana cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'ai, sai darajarta ta ƙara ɗaukaka.

Me ya sa ta karɓu? Tana da tsayi daga ƙasa, shokozobarta na shanye ramuka, ƙafafun baya ne ke tura ta, don haka kaya ba sa gagarar ta. Injinta na kafireta ne, babu na'ura mai ruɗarwa. Idan ta mutu a hanya, makanike zai kwance kafireta, ya wanke da fetur, ya busa, ya mayar, a ci gaba da tafiya. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ƙara fiye da shekara 20 tana fitar da ita.

Daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Ma'aikata suka koma ga 'yan Kwatano, wato tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga waje, wasu ga babur, Fijo kuma ta koma tasha tana jigilar fasinja.

Ƙasar da malamin makaranta ba zai iya sayen abin da aka ƙera a garinsa ba, rufin asirin 'ya'yanta ne ya yaye. Gyara ya kamata ya fara daga albashin da ke da daraja da masana'antun da ke aiki.