Bam na cikin fim, gangunan rawaya na bisa hanyarmu

A watan Nuwamban 1983 tashar ABC ta Amurka ta nuna fim ɗin The Day After kan yaƙin nukiliya, mutum kusan miliyan 100 suka kalle shi a dare ɗaya. Walƙiya ta haske sama, birnin Kansas ya koma toka, waɗanda suka tsira kuma gashin kansu na zuba. Shugaba Ronald Reagan kansa ya rubuta cewa fim ɗin ya dagula masa rai. Shekara na zagayowa BBC ta fito da Threads, wanda ya bi mutanen Sheffield ta Ingila cikin yunwa da sanyi shekaru bayan faɗuwar bam.

Saurayin da ya ga irin wannan a wayarsa a Dogon Dutsi zai ce rigimar manya ce, can nesa. To amma tun bayan da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, manyan motoci ɗauke da gangunan garinsa mai launin rawaya sun yi ta bin kwaltar nan: Tawa, Ƙonni, Dutsi, Kore Mai Ruwa cikin gundumar Tibiri, Dosso, Gaya, har tashar ruwan Kwatano, kafin a rufe iyakar Benin a 2023.

Wannan garin yuraniyom ba ya fashewa. Nau'in yuraniyom da ke tayar da bam bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ke cikin gangar ba, sai an tace shi ya kai wajen kashi 90 kafin ya zama makami. Haɗarinsa na shaƙa ne da haɗiya: ƙurarsa takan zauna a huhu, ƙarfensa yana lalata ƙoda. A kwarin Dallol Mawri, inda Dutsi take, kuwa ruwa na kusa, akwai rijiyoyin da guga ke taɓa ruwa da gajeriyar igiya. Ganga ɗaya ta tsage da damina, ai abin ya isa a damu.

Finafinan Turawa sun koya wa duniya tsoron ƙara da wuta. Tsoron da ya shafe mu iska ke kawo shi. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, lokacin hunturu, iskar arewa na kwaso ƙura zuwa kudu. Fushin wannan gwaji da waɗanda suka biyo baya ya sa Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Shi ya sa na fi ganin darajar La Colère dans le vent, fim ɗin Amina Weira na 2016. Mahaifinta tsohon ma'aikacin ma'adinin Arlit ne, ta kuma bar tsofaffin ma'aikata su faɗi ciwonsu da bakinsu. Ya kamata a nuna shi a makarantun Dutsi da Tibiri. Tunda gwamnatin Nijar ta karɓe kamfanin Somaïr mai haƙar yuraniyom a Arlit a 2025, ita ke da alhakin sanar da ƙauyukan bakin hanya abin yi in mota ta kife: a nisanci garin yuraniyom ɗin, a rufe rijiyoyi, a hana yara da dabbobi kusanta, kada kuma kowa ya ɗauki gangar ya zuba ruwan sha.