Jif ɗin Alfarma na Hannu: Abubuwan da Ya Kamata Mai Shi Ya Sani

A ranar ɗaurin aure ko wani babban taro a Fassi, Kibiya ko Rano, ba a rasa manyan motoci a jere ƙarƙashin inuwar darbejiya: Lexus RX 350, GX 470, Toyota Prado, Mercedes ML 350, wani lokaci har da Range Rover. Mafi yawansu ba sababbi aka saye su ba. Sun yi shekaru a hannun wani a wata ƙasa, farashinsu ya sauko, sannan suka iso nan. Abin da bai sauko ba shi ne kuɗin riƙonsu, domin injin da aka ƙera wa mai hali yana nan da buƙatunsa ko a hannun wa ya faɗa.

Ma'anar motar hannu da asalinta

Motar hannu iri biyu ce. Akwai wadda aka shigo da ita kai tsaye daga waje, wadda ake kira tokumbo, ko 'yar Beljiyam, ko 'yar Kwatano saboda tashar jiragen ruwan Jamhuriyar Benin da aka daɗe ana bi da su ta can. Akwai kuma wadda ta riga ta yi aiki a hannun wani a cikin gida. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa, saboda haka takardar biyan kuɗin kwastan ta zama abin da mai saye zai fara tantancewa. Motar da takardunta ba su inganta ba tana iya tsayawa a shingen bincike ko da shekaru sun wuce da sayenta.

Yawancin Lexus da ake gani a nan daga Amurka suka fito. Wasu lafiya ƙalau masu su suka sayar, wasu kuwa kamfanonin inshora ne suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, irin wadda guguwar Harvey ta haddasa a birnin Houston a 2017. Motar da ta sha ruwa ita ce mafi wuyar sha'ani, domin jikinta na iya sheƙi alhali tsatsa na cin wayoyinta a ɓoye. Ana gane ta da warin danshi, da tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, da busasshen taɓo a ramin safaya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. Da wannan lamba ake binciko tarihin motar Amurka ta intanet, a ga ko an taɓa rubuta ta cikin waɗanda suka lalace, da kuma nisan tafiyar da aka rubuta mata na ƙarshe. Agogon irin waɗannan motoci da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ke nuna 150,000 ta yi kilomita 240,000 ke nan, in ma ba a mayar da agogon baya ba.

Zafi da yadda injin ke sanyaya kansa

Babu abin da ke kashe waɗannan injina a ƙasar Kano kamar zafi, kuma a nan ne aka fi yin gyaran da ke ƙara ɓarna. Injin yana sanyaya kansa da ruwa da ke zagayawa ta cikin jikinsa, ya kwashi zafi, ya kai lagireto, wato akwatin siraran bututu da ke gaban mota inda iska ke huce ruwan. A tsakanin injin da lagireto akwai wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat. Tana rufe idan injin na da sanyi domin ya yi saurin ɗumama, tana buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90.

An saba jin cewa tamostat ta ƙasashen sanyi ce, a cire ta kawai, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan shawara tana da illa. Kwamfutar motar tana auna zafin injin kafin ta yanke yawan fetur ɗin da za ta ba shi. Idan injin bai kai zafin aikinsa ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi. Shan mai ya ƙaru, filogi ya yi baƙi, ragowar fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ainihin abin da ya jawo zafin kuwa, ko toshewar lagireto ne, ko famfon ruwa da ya gaji, ko murfin lagireto da ya saki, yana nan ba a taɓa shi ba.

Ruwan da ake zubawa ma abin lura ne. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana tafasa a digiri 100, yana barin gasari a cikin bututu, yana kuma cin ƙarfe. Ruwan sanyaya injin na musamman, mai launin ja ko kore ko ruwan hoda, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma idan murfin lagireto na riƙe matsi yadda ya kamata ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 120. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai digiri 40, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ga mota cike da mutane, wannan tazarar ita ce ke ceton injin. Kan injinan nan na alminiyam ne, ƙarfe marar nauyi da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi fiye da kima. Duk sa'ad da allurar zafi ta haura, a sauka gefen hanya a kashe mota. Ƙoƙarin ƙarasawa gari na 'yan mintuna kan jawo sauke injin gaba ɗaya. Kada kuma a buɗe murfin lagireto sai ya huce, domin tururinsa na sale fata.

Baƙin mai da man giya

A kan murfin da ake zuba baƙin mai, ko a littafin motar, an rubuta irin man da injin ke so, kamar 5W-30 ko 0W-20. Alƙaluman suna nuna kaurin man a sanyi da kuma a zafi. Da yawa sun fi yarda da mai kauri irin 20W-50 saboda shi aka saba zuba wa tsofaffin Peugeot. Injinan zamani kuwa suna da ƙananan hanyoyin mai, kuma da ƙarfin man suke sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Mai kauri ba ya isa lungunan da sauri idan an tayar da mota da safe, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarafa suka fi cin juna. Littattafan motocin sun ware tsarin sabis na daban ga motar da ke aiki cikin ƙura, kuma hanyar burji tsakanin ƙauyukan Kibiya a lokacin hunturu tana cikin wannan rukuni. Ya kamata a gajarta tazarar juye, a kuma sayi mai a wurin da aka amince da shi, domin na jabu ya yi yawa.

Man giya shi ma kowace mota da nata. Na Toyota da Lexus na baya-bayan nan ana kiransa WS, na Mercedes mai giya bakwai daban ne. Zuba wanda ya samu yana sa giya ta riƙa fizga ko jinkirin shiga.

Akwai tambayar da mai GX 470 ko RX 330 ya kamata ya yi tun ranar saye: yaushe aka canza bel ɗin tayimin? Wannan bel na roba shi ke daidaita motsin sama da ƙasan injin, kuma ana canza shi a wajen mil 90,000. Idan ya tsinke mota na gudu, a wasu injinan fistin kan daki bawul. RX 350 sarƙa gare ta maimakon bel, amma na shekarun 2007 zuwa 2009 an san su da wani tiyon mai na roba da ke fashewa ya zubar da man injin cikin ɗan lokaci. Kamfanin ya fitar da na ƙarfe a madadinsa, kuma bakanike zai iya dubawa ya faɗi wanda ke jikin motar.

Ƙura da fetur

Matatar iska ita ce ke tare ƙura kafin ta shiga injin. Bugun ta da iska mai ƙarfi yana yaga ƙananan ramukanta, ƙura ta wuce ta zauna a kan na'urar auna iska, mota ta fara shaƙewa. Canza ta ya fi arha. Famfon fetur kuma a cikin tanki yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, masu manyan motoci da dama sun koma sayen lita kaɗan-kaɗan suna yawo da tanki kusan a bushe, abin da ke gajarta ran famfon. Gurɓataccen mai ma ba sabon abu ba ne. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama. Man galan na 'yan bumburutu, wanda ba a san me aka gauraya masa ba, sai dole.

Ƙafafun iska

Range Rover, da wasu Mercedes, da bayan GX 470 ba a kan sifirin ƙarfe suke zaune ba. Jakunkunan roba ne cike da iska, da ɗan injin hura iska, da na'urorin auna tsayin mota. Roba tana tsufa ta tsattsage. Alamar farko ita ce a ajiye mota daidai da dare, da safe a same ta ta durƙusa gefe ɗaya. Idan aka bar ta haka, injin hura iskar zai yi ta aiki ba hutawa har ya ƙone, gyara ya ninka. Hanya biyu ce: a canza jakunkunan, ko a mayar da motar kan sifirin ƙarfe. Ta biyun tana rage taushin tafiya da damar ɗaga mota a wurin zaizaya, amma ga wanda ke zaune nesa da masu gyaran irin wannan tsari, kuma yake ɗora wa motar buhunan hatsi a kaka, sau da yawa ita ce mafi kwanciyar hankali.

Fitilar gargaɗi

Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta karanto abin da kwamfutar motar ta gani. Fitilar injin mai ruwan ɗorawa idan ta tsaya a kunne, ana iya ƙarasa tafiya a hankali a je a duba. Idan tana ƙyaftawa, wani silinda ne ba ya ƙona mai, kuma ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Ana yawan cire wannan matata a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, don haka mai saye ya sa a duba ko tana nan. Share lambar matsala ba gyara ba ne, haka ma liƙe fitilar da baƙin salatif. Na'urar tana nuna inda za a duba ne kawai, sauran aikin na gwani ne.

Taya da kayan gyara

Jif mai jan ƙafa huɗu yana son tayoyi huɗu masu girma ɗaya da cin da ya yi kusa da juna, domin bambancinsu yana wahalar da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi.

Kayan Toyota da Lexus sun fi samuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, na Range Rover da BMW kuwa sau da yawa sai an aiko daga Legas ko daga waje, a farashin da ke bin dala. Mazaunin Fassi da zai shiga birni neman wani kaya ya tafi da lambar shasi da tsohon abin da aka ciro, domin mota ɗaya mai suna ɗaya kan zo da kaya daban-daban gwargwadon shekarar ƙira da ƙasar da aka yi wa ita.