WAYA TA ZAMA RUMBU

Jama'a, kowa a cikinku ya san rumbu. Ba manomin da zai cika rumbunsa da masara, sa'an nan ya bar shi a buɗe ya tafi barci. Yakan yi masa jinka, ya liƙe bakinsa, ya riƙa zagayawa yana dubawa ko gara ta hau, ko ɓera ya yi rami. To, yau a ƙasar Funtuwa da Malumfashi an sami wani sabon rumbu wanda ba na laka ba. Shi ne wayar nan da ke cikin aljihunka.

Ga yadda abin ya zo. Dā, in mutum ya kai audugarsa fuloti, akan auna, a ba shi kuɗinsa a hannu, ya ƙirga, ya ƙulle a lalita. A shekarar 2001 wayar hannu ta shigo ƙasar nan. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake Ministan Gona, Gwamnatin Tarayya ta soma aiko wa manoma saƙo ta waya domin su je su karɓi taki da iri. Sa'an nan a farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar samu. Wanda dā ba ya son banki, tilas ta sa ya buɗe asusu. Yanzu mutum ya sayar da masara a kasuwar Ɗandume, ko tumatir a Ɗanja, ko waken suya a Bakori, sau da yawa ba ya taɓa ko naira guda da hannunsa. Sai dai waya ta yi ƙara, a ce masa kuɗi sun shiga.

Watau wahalar damina duka, tun daga sharar gona har sussuka, tana kwance a bayan waɗansu 'yan lambobi. Ɓarayi kuwa sun san haka tun kafin mu sani.

Abu na fari, ku rarrabe lambobin, don ba duka ne ɗaya ba. Lambar asusunka ta banki guda goma ce. Ita kamar sunan unguwarku ce, kana iya ba duk wanda zai biya ka. Akwai BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya kawo a 2014, da NIN ta katin ɗan ƙasa. Kowacce guda goma sha ɗaya ce. Waɗannan ba a ba da su sai a ofishin da ya dace, ido da ido. Sa'an nan akwai mabuɗan rumbu su kansu. Na ɗaya, lambar sirri guda huɗu da kake dannawa in za ka cire kuɗi ko za ka tura. Na biyu, lambobin da ke jikin katin cire kuɗi, dogayen na gaba da guda uku na baya. Na uku, wata lamba da banki yakan aiko ta saƙo sa'ad da za a fitar da kuɗi, galibi guda shida, wadda ba ta daɗewa take mutuwa. Waɗannan uku ba mai jin su daga bakinka, ko wane ne shi.

Ɓarawon waya ba ya zuwa da sanda, ba ya haura katanga. Da sallama yake zuwa. Yakan jira kaka, lokacin da ya san kuɗi sun shiga hannun mutane. Kana zaune da yamma, sai waya ta yi ƙara. Ka ɗauka, ka ji murya mai ladabi.

Ya ce, "Salamu alaikum, Alhaji. Daga bankinka nake kira. An sami matsala a BVN ɗinka. In ba a gyara yau ba, za a rufe asusunka, kuɗinka su maƙale."

Ka ce, "Subhanallahi! To, Malam, yaya za a yi?"

Ya ce, "Kada ka damu, Alhaji, ai don haka muka kira. Yanzu za ka ga saƙo ya shigo. Karanto mini lambar da ke ciki, in gyara maka daga nan, ba sai ka sha wahalar zuwa Funtuwa ba."

Wani lokaci har ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, don ka saki jiki. Wannan ba shaida ba ce. Sunan mutum da lambar wayarsa suna rubuce a wurare da yawa, a takardun rajista iri iri, kuma irin waɗannan takardu sukan faɗa hannun da bai kamata ba. Abin da ke faruwa a gaskiya shi ne, yana can ya riga ya nemi a fitar da kuɗi daga asusunka. Banki ya tsaya, ya aiko maka da lamba yana tambaya, "Kai ne?" In ka karanta masa lambar, ka amsa wa banki ke nan cewa kai ne. Kafin ka ajiye waya, rumbu ya zama wayam.

Ku lura da abu biyu da ba ya rabuwa da su: tsoratarwa da gaggawa. Kullum "yau" ne, kullum "yanzu yanzu" ne. Ba ya son ka sami sararin tambayar ɗanka ko malamin aji. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, don ba ya bukatarta. In ka ji an tambaya, kashe wayar. Ba rashin kunya ba ne. In hankalinka bai kwanta ba, gobe ka hau mota ka tafi bankin da ƙafarka. Kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Malumfashi bai kai kuɗin buhu guda ba.

Irin wannan dabara ake yi wa masu WhatsApp. Wani ya kira ya ce za a yi taron ƙungiyar manoma ta waya, an aiko maka da lamba shida ta shiga taro. Ba lambar taro ba ce, mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Da ya karɓa sai ya zama kai. Ya bi 'yan'uwanka ɗaya ɗaya da sunanka da hotonka, yana cewa kana asibiti, a taimaka da kuɗi. Saboda haka in saƙon roƙo ya zo maka daga ɗan'uwa, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

A kasuwa kuma akwai alat na ƙarya. Mai saye ya nuna maka wayarsa, ya ce ga shi ya tura. Har kai ma saƙo ya shigo maka mai kama da na banki. Kada a ɗora buhu a mota sai ka duba abin da ke cikin asusunka da kanka, ka ga ya ƙaru. Mai gaskiya ba zai ji haushin jira kaɗan ba.

A nan ne karatun da muke yi yake da rana. Iyayenmu da ba su yi karatu ba, in sun kai auduga, abin da aka ce sikeli ya nuna shi ne abin da suka karɓa. Haka yau wanda ba ya iya karanta saƙonsa yakan miƙa wa wani waya ya ce, "Duba mini." Ya je wurin mai POS ya ba da kati, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi, mutane suna tsaye suna ji. Masu POS da yawa mutanen kirki ne, 'ya'yanmu ne. Amma ba ka san kunnen da ke bayanka ba. Lamba daga 0 zuwa 9, ai mun koye su tun makon fari. Karɓi na'urar, ka kāre da hannun hagu, ka danna da kanka. Kada kuma ka rubuta lambar a bayan kati, kada ka zaɓi 1234 ko shekarar haihuwarka, don su ɓarawo yake fara gwadawa.

Sai kuma gara. Babbar waya, wadda ake shafawa, tana aiki da abubuwan da ake kira manhaja. Akwai manhaja ta kirki, akwai muguwa wadda aka ƙera don sata. Muguwar takan shiga ta ɓuya, kamar yadda gara ke cin rumbu ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Tana karanta saƙonninka, har da lambar nan da banki ke aikowa, ta aika wa mai ita. Alamunta su ne batir ya riƙa ƙarewa da wuri, waya ta yi zafi ba dalili, kati da data su riƙa zurarewa, talla ta yi ta faɗowa.

Ta ina take shiga? Yawanci mu muke buɗe mata. Saƙo ya zo cewa ana rabon taki ko tallafin gwamnati, danna shuɗin rubutun nan ka cika sunanka, ka tura wa mutum goma. Kada ka danna, kada ka tura. In rabon taki gaskiya ne, malamin gona ya sani, mai unguwa ya sani, za a faɗa a rediyo. Hanya ta biyu ita ce karɓar manhaja daga wayar aboki, ko wurin masu tura fim da waƙa a kasuwa. Mai wayar Android ya ɗauko manhaja daga Play Store kaɗai. Can ma akan sami ɓata-gari, amma ana tacewa. In manhajar tocila ta nemi izinin ganin saƙonninka da sunayen mutanenka, ka tambayi kanka me tocila za ta yi da su. Masu ba da bashi ta waya ma a yi hattara da su. An sha ganin waɗanda suka kwashi lambobin mutum, da ya makara biya suka aika wa surukansa saƙon cin mutunci.

Wanda ke da ƙaramar waya kada ya ce shi ya tsira. Kuɗin ba a jikin waya suke ba, a layi suke. Ɓarawo ya ɗauke waya a cunkoson kasuwa, ba ita ce ta dame shi ba. Sim yake cirewa, ya sa a wata waya, ya nemi asusun da ke haɗe da shi. Don haka in za ka bar waya wurin mai caji ko mai gyara, cire sim ɗinka ka riƙe. In kuwa waya ta ɓace, kada ka tsaya cigiya kwana biyu. A ranar nan ka sanar da banki su tsayar da asusun. Sa'an nan ka tafi ofishin kamfanin layin da NIN ɗinka, su rufe tsohon sim su ba ka sabo mai lambarka. In an riga an ɗebi kuɗi, gaya wa banki nan da nan, ka kai ƙara wurin 'yan sanda. Kada kunya ta hana ka. An yi wa malamai da 'yan boko irin wannan.

Sim ma yana da kwaɗo nasa, mutane ƙalilan ne suka san da shi. In an sa masa lambar sirri, duk wayar da aka kai shi ba zai yi aiki ba sai an danna lambar. Darasi mai zuwa kowa ya zo da wayarsa, malamin aji zai nuna yadda ake yi, amma kowa shi zai zaɓi lambarsa a ransa, malam ma ba zai gani ba. Ku zo da katin nan da aka ɓallo sim daga jikinsa ranar da kuka saya. In aka yi kuskuren lamba sau uku sim yakan kulle, ba ya buɗuwa sai da wata lamba guda takwas mai suna PUK, wadda ke rubuce a jikin katin. Wanda nasa ya ɓace ya faɗa wa malam tun kafin a fara.