Injin Busar Da Kaya Ya Nuna Matsalar Sadarwa? Kar Ka Yi Saurin Sayen Sabon Fanel

Yau za mu ɗan ajiye zancen wayar hannu mu leƙa shagon wanki da guga.

A nan Furfuri igiya da rana sun ishe mu shanya. Amma a cikin Gusau, inda yayana ke da shagon wanki, injin busar da kaya shi ne rufin asirinsu a watan Agusta, lokacin da hadari kan wuni bai bar rana ta leƙo ba. Wata Alhamis ya kira ni hankali tashe: injin ya ƙi tashi, wasu haruffa kawai yake nunawa, ga manyan rigunan masu zuwa ɗaurin aure washegari jibge a jiƙe. Har an ce masa fanel ne ya ƙone, sai an aika Kano ko Legas. Ni ba mai gyaran inji ba ne, manhaja nake rubutawa, amma da na duba ma'anar haruffan sai na ga matsalar sadarwa ce, irin wadda nake fama da ita kullum a aikina.

Mece ce matsalar sadarwa?

Yawancin injinan zamani suna da fanel biyu. Na gaba yana ɗauke da sikirin da maɓallai, shi ke karɓar umarninka. Babban fanel yana ciki, shi ke juya ganga, ya kunna hita, ya riƙa auna zafi. Kowanne yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa, kuma wani siririn kebul ne ya haɗa su. A cikinsa akwai zaren da ke kai ƙaramar wuta, galibi 5V ko 12V, da kuma zaren da saƙo ke bi.

Ka tuna WhatsApp. Idan ka tura saƙo ka ga alama ɗaya, saƙon ya fita amma bai isa ba. Wannan bai nuna wayar abokinka ta lalace ba, wataƙila caji ya ƙare ko babu sabis. Haka fanel biyun nan suke. Suna ta tura wa juna saƙo ba tsayawa, idan ɗaya ya jira amsa shiru, sai ya dakatar da komai ya nuna lamba. An tsara shi haka da gangan, don hita da ke aiki ba mai kula da ita gobara ce.

Lambar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A injinan Samsung za ka iya ganin AC ko AE, a wasu na Whirlpool kuma F70 ko F71. Duk abu ɗaya suke faɗi: ba ma jin juna. Ba su ce wani ya mutu ba. Don haka sai mu fara da abin da ba ya cin kuɗi.

1. Ɗauki hoto

Ka ɗauki hoton lambar da ta fito, da na takardar da ke liƙe a bakin ƙofar injin ko bayansa, inda aka rubuta lambar samfurinsa. Ka haɗa su biyun ka bincika a Google, domin lamba ɗaya kan iya zama da ma'ana daban a wani samfurin.

2. Zare shi daga wuta

Danna maɓallin kashewa bai isa ba, domin fanel yana nan da wuta. Ka zare filogi daga soket, ka bar shi kamar minti biyar, sannan ka mayar. Kamar yadda ake kashe waya a sake kunnawa idan ta daskare ne. Idan ɗauke wuta da kawowa ne ya rikita shi, nan take zai dawo.

3. Duba wutar da kake ba shi

Wutar Najeriya 230V ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take zuwa mana. Injin busarwa mai hita yakan ja sama da wat 2,000. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba, ko sitabilaizar firij, ba za su iya da shi ba.

Ga alamar da za ka lura da ita: idan injin ya tashi lafiya, sai bayan ɗan lokaci lambar ta fito, to ka zargi wuta. Da zarar hita ta kama, ƙarfin wutar sai ya faɗi, fanel ɗaya ya ɗauke na ɗan daƙiƙa, ɗayan kuma ya nemi amsa ya rasa. Ka taɓa filogin ma. Idan yana zafi ko ya yi baƙi, a canza soket ɗin, kuma a daina jona injin a kan doguwar wayar jone.

Gargaɗi ga masu sayen na hannu: injin da aka yi don Amurka tsarinsa daban ne. Hitarsa ce kaɗai ke amfani da 240V, motarsa da fanel ɗinsa 120V suke ci, kuma a kan 60Hz, alhali tamu 50Hz ce. Wanda ya jona shi kai tsaye a wutarmu zai iya ƙona fanel ɗin a take. Ka karanta takardar jikinsa kafin ka biya kuɗi.

4. Duba kebul ɗin da ke tsakaninsu

A nan gizo ya fi yin saƙa. Idan injin yana da garanti, kar ka buɗe, ka mayar wa dillali. Idan babu, ka zare shi daga wuta, ka jira mintuna kaɗan don ragowar wutar da ke cikin kafasita ta sauka, sannan ka kwance murfin sama. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke, shi zai cece ka wajen mayarwa.

Ka bi kebul ɗin daga fanel na gaba har zuwa babba. Abokan gabansa huɗu ne: girgizar ganga da ke kwance filogi a hankali, ɓera, ƙurar hunturu da burbushin tufafi, sai danshin damina da ke sa tsatsa. Ka zare kowane filogi ta hanyar danna ɗan harshensa, ba jan waya ba. Ka share da busasshen burushin haƙori da ɗan sifirit, ka bari ya bushe, ka mayar har ka ji ya ce ƙas.

Na yayana a nan ya tsaya. Filogin ya ɗan zamo, burbushin yadi ya cushe bakinsa, ƙarfen ya fara kore. Muka share muka mayar, kafin la'asar ganga na juyawa, ko sisi bai fita ba.

5. Auna da mita

Wani lokaci zaren yakan tsinke a cikin robarsa, ido ba ya gani. Ka sa mita a wurin da take yin ƙara, ka taɓa farkon kowane zare da ƙarshensa. Wanda bai yi ƙara ba, shi ne mai laifi. Amma auna 5V ko 12V yana buƙatar injin na jone da wuta, wannan ka bar wa mai gyara. Rai ya fi inji.

6. Sai yanzu a zargi fanel

Idan wuta lafiya, kebul lafiya, to a duba fanel. Ana neman tabon ƙuna, warin ƙauri, kafasita da ta kumbura, ko kyankyaso da ya mutu a kai. Sau da yawa ɓangaren da ke rage wuta ne ke lalacewa, kuma ƙwararren mai gyaran talabijin zai iya canza kafasita ba sai an sayi fanel ɗungurungum ba. Idan saye ya zama dole, ka tura wa mai kaya a Sabon Gari ko Alaba hoton lambar da ke jikin tsohon. Kama da wane ba ta wane, fanel biyu kan yi kama amma manhajar cikinsu ta bambanta.

Wannan darasi bai tsaya kan injin wanki ba. Wasu na'urorin sanyaya ɗaki ma fanel biyu gare su, na ciki da na waje. CH05 a LG, E6 a Gree, da E101 a Samsung duk wannan maganar ce, kuma jerin binciken ɗaya ne: wuta, kebul, sannan fanel.

Shi kuwa yayana, yanzu yana share matatar burbushi bayan kowace busarwa, kuma idan an ɗauke wuta sai ya zare injin, ba ya mayarwa sai wutar ta zauna. Allah ya ba da sa'a, sai mun haɗu a darasi na gaba.