Kafin a Tuhumi Famfon Mai, a Fara Saurare

Yawancin baburan da ke titunanmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, ba ruwansu da famfon mai. Tanki na sama, kabureta na ƙasa, fetur yana gangarowa da kansa. Amma baburan inja, masu fesa mai maimakon kabureta, suna ta shigowa, musamman manya na hannu daga Turai, kuma tun watan Afrilu na 2020 da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi, kamfanoninta suka karkata ga inja a baburan da suke sayarwa a gida. Irin wannan babur ba ya shan mai sai an tura masa da ƙarfi. Aikin famfo ke nan, wanda galibi yake nutse a cikin tanki.

Na taɓa zama a wani gareji aka turo irinsa, mai shi yana sharce gumi. Tun kafin ya jingine ya yanke hukunci: “Oga, famfon mai ne ya mutu, nawa sabo?” Ɗan rewaya bai tanka ba. Ya ce wa yaronsa ya kashe rediyo, ya kara kunne a jikin tanki, ya murɗa makulli. Shiru.

Wannan shirun shi ne gwajin farko. Lafiyayyen famfo yana yin ɗan gurnani na daƙiƙa biyu zuwa uku da zarar an kunna makulli, don ya tara matsin mai kafin a tayar da inji, sai ƙwaƙwalwar injin ta tsayar da shi. In an ji gurnanin, wuta na isa, a nemi matsalar a wani wuri, misali matatar mai da ta toshe. In ba a ji ba, ba lallai famfon ne ya mutu ba. Sau da yawa yunwar wuta ce kawai.

Wutar kuwa ba kai tsaye take zuwa ba. Daga batir take bi ta fiyus, ta ratsa rile, sannan ta iske famfo, ta koma ta jikin ƙarfen babur. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 a mita. In ya sauka ƙasa da 12, a yi masa caji tukuna. Sai jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama, wanda ya sha kunyata manya: yaro ya taɓa shi a ƙofar gida, uba ya tura babur har kasuwa. Akwai kuma na'urar da ke yanke wa famfo wuta idan babur ya faɗi, don kada mai ya yi ta zuba. A yawancin babura sai an miƙar da shi, an kashe makulli an sake kunnawa take sakewa.

Fiyus idan ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Masu naɗa masa zaren waya ko takardar azurfar sigari wuta suke gayyata. In sabon ya sake ƙonewa nan take, waya ce ta sale tana taɓa ƙarfe, ko famfon ya cije yana jan wuta fiye da kima. Rile kuma, ɗora yatsa a kansa ka kunna, za ka ji ƙas. Amma ƙas ɗin ba shaida ba ce, don bakin ƙarfensa na ciki kan ƙone. Gara a musanya shi da wani irinsa a gani.

Inda na ga gwanintar ɗan rewayan nan shi ne a soket ɗin famfo, ƙarƙashin tanki. Mita ta nuna bolt 12, mai babur ya ce, “Ka gani? Wuta na zuwa!” Shi kuwa ya ajiye mita, ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu ya jona, ya kunna makulli. Ƙwan ya yi ja kamar garwashin da ke mutuwa. Mita ba ta jan wuta, don haka ko silin waya ɗaya ya rage za ta nuna cikakkiyar lamba. Ƙwai da famfo kuwa masu ci ne, su ke tona asiri. Ya bi waya har inda aka ɗaure ta a jikin firam, ya kwance noti, ga tsatsa kore-kore da ƙurar da ruwan wanki ya daskarar. Ya goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure.

In ƙwan ya haska sosai famfo kuma ya ƙi motsi, sannan ne za a ce ya mutu. Wasu kan tabbatar ta hanyar ba shi wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci, amma a fili, nesa da buɗaɗɗen tanki, don tartsatsi ɗaya ya ishi tururin fetur. Abin da ke kashe famfo da wuri kuwa sananne ne: man da ke kewaye da shi ke sanyaya shi, kuma tsadar fetur ta sa mutane yawo da rabin lita a gindin tanki, ga dattin man bumburutu.

Ɗan rewayan nan ya sake murɗa makulli. Daga cikin tanki gurnani ya taso, daƙiƙa biyu, ya tsaya. “Alhaji, tayar da abinka,” in ji shi, yana goge hannu da tsumma.